Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da gine-ginen zamaninsa

Marigayi Alhaji Muhammadu Dikko ya shafe shekaru 37 a kan gadon sarautar Katsina, kuma da yawa daga abubuwan da manazarta ke auna mulkinsa da su gine-gine ne, irin su makaranta da masallaci da kuma hasumiyar da ya sa aka ceto daga rushewa.

An haifi Muhammadu Dikko a shekara ta 1865 a gidan Durɓin Katsina Gidado, na zuriyar Fulani Sulluɓawa. A wancan zamani sarautar birnin tana hannun gidan Dallazawa ne, wato jikokin Malam Ummarun Dallaje, wanda ya karɓi tuta a lokacin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Saboda haka babu wanda zai kalli ɗan Durɓi a lokacin ya yi masa hasashen zama sarki, duk kuwa da cewa Durɓi babbar sarauta ce mai daɗaɗɗen asali, wadda ake dangantawa da Durɓi ta Kusheyi da ke yankin Mani.

Dikko ya yi karatun allo kamar sauran 'ya'yan manya, ya kuma tashi cikin hawan doki da fita fagen daga, domin a ƙarni na 19 ƙasar Katsina ba ta rabu da hare-hare daga Maraɗi ba, inda zuriyar sarakunan Haɓe suka koma da zama bayan jihadi. Ya gaji sarautar Durɓi tun yana saurayi mai shekaru ashirin da 'yan kai.

Birnin da ya gada

Kafin a fahimci abin da Dikko ya yi, wajibi ne a san irin garin da ya tarar. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya shiga Katsina a shekara ta 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da mil 13 zuwa 14, wato sama da kilomita 20, tsayinta kuma kimanin ƙafa 30. To sai dai ya tarar da akasarin filin da ke cikin ganuwar babu kowa, domin mazauna garin a lissafinsa ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba. Ciniki ya riga ya karkata zuwa Kano.

Ganuwa mai wannan girma ba aikin shekara guda ba ne, ba kuma aikin mutum guda ba. Ƙasa ake haƙowa daga gefenta, ramin da aka bari ya zama gwalalo na kariya daga waje, ko kuma kududdufi mai tara ruwan sama daga ciki. Bayan kowace damina akan raba wa unguwanni da garuruwa ɓangaren da za su gyara. Ana shiga birnin ta ƙofofi irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da kuma Ƙofar 'Yanɗaka.

Masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda shi kansa jikan Dikko ne, ya bi diddigin yadda wannan birni ya bunƙasa a littafinsa mai suna The Transformation of Katsina, da aka buga a 1981. Abin da nazarin nasa ya nuna shi ne, Katsina ta ginu ne a kan cuɗanyar jama'a daga sassa daban-daban, da masu sana'o'i da fatake da malamai, maimakon a taƙaita tarihinta ga labarin Haɓe da Fulani kurum.

Ta fuskar ilmi kuwa garin ya riga ya yi suna. A nan ne Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina suka rayu a ƙarni na 17, kuma daga nan ne Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya tashi ya tafi gabas har ya rasu a birnin Alƙahira a 1741.

Zuwan Turawa

Kano ta faɗa hannun sojojin Birtaniya a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Daga can ne Gwamna Lugga ya nufo Katsina, ya shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an gwabza yaƙi ba, bayan da Sarki Abubakar ya miƙa wuya.

Durɓi Dikko shi aka ɗora wa nauyin hulɗa da baƙin, da samar musu abinci da ma'aikata. Wannan aiki, wanda wasu manyan fada ke gani a matsayin ƙasƙanci, shi ne ya zama tsaninsa. Kafin a cika shekaru huɗu Turawa sun tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da kuma Yero, bisa zargin ƙin ba su haɗin kai. Boren Satiru da aka yi kusa da Sakkwato a farkon 1906 ya ƙara sa su neman wanda za su amince da shi. A watan Nuwamban wannan shekara jami'in mulkin mallaka da ke Katsina, Richmond Palmer, ya tsaya tsayin daka aka ba Dikko sarauta, aka kuma yi bikin naɗin a farkon 1907.

Da wannan ne sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma gidan Sulluɓawa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ba kowa ya yi na'am da sauyin ba, kuma sabon sarkin ya san cewa Turawan da suka ɗora shi suna iya sauke shi kamar yadda suka sauke waɗanda suka gabace shi. Duk abin da ya aikata daga baya ana iya karanta shi ta wannan fuska: mutum ne da ke buƙatar nuna wa Turawa amfaninsa, a lokaci guda kuma ya nuna wa Katsinawa cancantarsa.

Baitulmali

Tushen ayyukan raya ƙasa na zamaninsa shi ne baitulmali. Kafin zuwan Turawa, abin da aka tara na haraji yakan bi ta hannun hakimai da jakadu ne, kowa ya ɗebi rabonsa kafin saura ya isa fada, sarki kuma ya kashe yadda ya ga dama. Palmer ya shawo kan Dikko aka kafa asusu guda, inda ake zuba kason masarauta na haraji da jangali, aka yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya rage kuma a yi ayyuka da shi bisa kasafi a rubuce.

Katsina ce ta fara wannan tsari a Arewa, kuma cikin 'yan shekaru sauran masarautu suka bi sahu. Da farko rabin kuɗin ne ke zama a hannun hukumar En'e, daga bisani aka ɗaga kason manyan masarautu zuwa kashi 70 cikin ɗari. Daga nan ne aka samu kuɗin hanyoyin mota da rijiyoyi da asibiti da makarantu da ofisoshi.

Sai dai kuɗin daga aljihun talaka suke fitowa, kuma a tsabar kuɗi ake so a biya, abin da ya tilasta wa manoma shuka gyaɗa da auduga domin sayarwa. Masanin nan Michael Watts, wanda ya gudanar da bincikensa a yankin Kaita da ke arewacin Katsina, ya nuna a littafinsa Silent Violence na 1983 yadda tsarin harajin mulkin mallaka ya raunana dabarun da manoma suka gada na tanadin hatsi, lamarin da ya ƙara tsananin yunwar 1913 zuwa 1914. Kazalika yawancin hanyoyin farko da ƙarfin talakawa aka share su, ta hanyar aikin tilas da dagatai ke tara mutane dominsa, al'adar da ba a fara taƙaita ta da doka sosai ba sai a 1933. Duk wanda zai lissafa ayyukan Dikko, adalci ne ya lissafa da waɗanda suka ɗauki ƙasa da duwatsu a ka.

Hajji ta hanyar Ingila

A shekara ta 1921 Dikko ya tafi aikin hajji, inda ya zama sarki na farko mai ci a Arewacin Nijeriya da ya sauke farali a zamanin Turawa. Maimakon hanyar ƙasa ta Barno da Sudan, wadda kan ɗauki alhazai shekaru, shi ta teku ya bi, ya yada zango a Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar, sa'annan ya wuce Hijaz, wadda a lokacin take hannun Sharif Husaini.

Ya sake komawa Ingila fiye da sau ɗaya, ciki har da 1924 da 1933. Ziyarar 1924 ta zo daidai da babban bajekolin daular Birtaniya da aka yi a Wembley, inda aka gina wa ƙasashen Afirka ta Yamma rumfunansu a cikin wata katanga da aka kwaikwayo daga ganuwar biranen Arewa. Wato a daidai lokacin da ganuwar gaske ke zaizayewa a gida saboda an daina gyaran shekara-shekara, a London kwaikwayonta ake nuna wa 'yan kallo.

Farfesa Moses Ochonu, ɗan Nijeriya mai koyar da tarihi a Amurka, ya yi nazarin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa Emirs in London na 2022. A fahimtarsa sarakunan ba 'yan rakiya ba ne kawai da aka kai su buɗe ido: su ma nazarin Turawan suke yi, suna zaɓen abin da zai amfane su, suna kuma amfani da labarin tafiyar wajen ƙara wa kansu kwarjini a gida. Dikko ya dawo da sha'awar mota da jirgin sama da sababbin dabarun noma da kiwo. Wasan ƙwallon doki ma a zamaninsa ya kafu a Katsina, har ɗansa Usman Nagogo ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan da aka taɓa yi a Nijeriya.

Kwalejin Katsina

A wannan shekara ta 1921 ne aka fara karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamnan Nijeriya Sir Hugh Clifford ya buɗe a hukumance ranar 5 ga watan Maris na 1922. A jawabinsa ya kawo dalilai biyu na zaɓen garin: daɗaɗɗen sunan da ya yi a fagen ilmi, da kuma nisansa da layin dogo da cibiyoyin kasuwanci, waɗanda Turawa ke ganin za su iya ɓata tarbiyyar ɗalibai. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, reshen da ya ratsa Funtuwa kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma bai shiga birnin Katsina ba. Sai a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai bi ta garin.

Akwai dalili na uku, wato sarkin kansa. A lokacin da iyaye da dama ke ɓoye 'ya'yansu daga makarantar boko, samun sarkin da zai karɓi makarantar a cikin garinsa, ya kuma sa nasa 'ya'yan a boko, ba ƙaramin abu ba ne.

Kwas ɗin na shekaru biyar ne, kuma an ba harshen Ingilishi muhimmanci ƙwarai, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da Larabci da dabarun koyarwa. Cikin malaman akwai Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, wanda daga baya ya rubuta tarihin Dikko da Hausa. Cikin ɗalibai kuwa akwai Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can daga 1926 zuwa 1931 kafin ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Arewa, da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da kuma Abubakar Imam. Da wuya a sami wata makaranta guda a Afirka ta Yamma da ta cika majalisar ministocin yanki kamar yadda wannan ta yi a shekarun 1950.

Amma kamar yadda James Hubbard ya nuna a tarihin kwalejin da ya wallafa a shekara ta 2000, makarantar ƙarama ce da gangan. 'Yan ɗalibai kaɗan ake ɗauka kowace shekara daga dukkan lardunan Arewa, kuma manufar ita ce samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu biyayya, ba injiniyoyi ko likitoci ba. Arewa ta daɗe tana biyan farashin wannan tsari. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa.

A ɓangaren mata ma, Katsina da Kano ne suka fara samun makarantun 'yan mata na gwamnati a Arewa a wajajen 1930, kuma ta Katsina da 'ya'yan gidan sarauta da na manyan fada ta fara.

Ilmin da ke cikin bangon

Abin da ya fi jan hankalin masu nazarin gine-gine game da kwalejin shi ne ginin kansa. Da jar ƙasa aka yi shi, bisa fasahar maginan Hausa, kuma ya haura shekaru ɗari.

Ginin ƙasa irin na birni sana'a ce mai ƙa'idoji, wadda ake gada daga uba zuwa ɗa a ƙarƙashin Sarkin Magina. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Magini na neman wadda ta haɗa yumɓu da tsakuwa daidai gwargwado, domin idan yumɓu ya yi yawa bango zai tsage in ya bushe, idan kuma yashi ya rinjaya ba zai kama ba. Akan jiƙa ƙasar, a tattake ta da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a sake cuɗawa. Ciyawar ita ke riƙe ƙasar kada ta dare. Daga nan sai a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana. Wajen gini ana jera shi ne kansa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon kuma ya fara da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa, ta yadda nauyinsa zai zauna a kan gindinsa.

Rufi shi ne inda gwaninta take. Ƙasa na jure danniya amma ba ta jure ja, don haka sai an haɗa ta da azara, wadda ake tsagowa daga gangar jikin giginya, musamman namijin, saboda taurinsa da kuma yadda gara ba ta cinsa da sauƙi. Matsalar ita ce azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Magina sun warware wannan ta hanyar ɗora azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaure su ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. Wannan shi ne bakan gizo. Idan aka gicciya irin waɗannan bakuna aka yi ɗaurin guga, sai a sami soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Masana na kwatanta dabarar da yadda ake sa rodi a cikin kankare, domin a duka biyun abu guda ne ke ɗaukar danniya, ɗayan kuma ya ɗauki ja.

Sai kuma kariya daga ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufi da wuraren da ruwa ya fi duka kuwa laso ake yi musu, wani irin siminti na gargajiya da ake haɗawa daga katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini wanda ake ƙonawa a daka, da gashin jima daga majema, da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Indararo kuma ya tura ruwan sama nesa da gindin bango.

A nan akwai abin lura. Laso ba ya samuwa sai da marina da majema, azara ba ta samuwa sai da kurmin giginya, makuba kuma sai da ɗorawa a gonaki. Ashe ginin soro ya dogara ne da wasu sana'o'in da itatuwan da ke kewaye da shi, kuma da marinar gari ta mutu, katsi ya tafi tare da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa gyaran tsofaffin gine-gine ya zama da wuya a yau, har wasu ke shafe su da siminti, alhali siminti ba ya kama jikin ƙasa da kyau: yakan tsare danshi a ciki, bangon ya ruɓe ta baya, daga bisani shafen ya ɓalle.

Amfanin ginin a ƙasa mai zafi kamar Katsina a bayyane yake. Bango mai kauri na shan zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da iska ta riga ta yi sanyi. Ɗaliban da suka zauna a azuzuwan kwalejin a watan Afrilu sun ci moriyar wannan ba tare da fanka ba.

To amma wannan ilmi da ya tayar da bangon makarantar bai sami shiga cikin manhajarta ba. An koya wa ɗalibai tarihin Ingila da lissafin Turawa a ƙarƙashin rufin azara, ba tare da an ɗauki aikin magini a matsayin abin da ya cancanci a rubuta ko a auna ba. Waɗanda suka fito daga makarantar, da suka sami iko, siminti da kwano suka ɗauka a matsayin alamar ci gaba, kuma da wuya a zarge su, tun da abin da zamanin ya nuna musu ke nan.

Gobarau da Masallacin Dutse

Shi kansa Dikko ya tsaya ne da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare, kuma babu inda hakan ya fito fili kamar a batun masallatai biyu.

Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin mita 15, ita ce abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'ar birnin, wanda ya kasance cibiyar karatu. Ruwayar Katsinawa na danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, sarkin da ake ɗauka a matsayin Musulmi na farko a gadon sarautar, da kuma zuwan Shehu Magili ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, yayin da wasu masana ke ganin hasumiyar ta zo daga baya. Bayan jihadi Ummarun Dallaje ya gina sabon masallaci, aka daina Juma'a a Gobarau, ginin ya yi ta zubewa har hasumiyar kaɗai ta saura, ita ma tana neman faɗuwa. A wajajen ƙarshen shekarun 1920 Dikko ya tara magina suka gyara ta, kuma wannan gyara na cikin dalilan da suka sa ta kai zamaninmu.

A hannu guda kuma, shi ne ya sa aka rushe masallacin ƙasa na Ummarun Dallaje, aka maye gurbinsa da wanda aka fi sani da Masallacin Dutse. Ana iya fassara hakan da buƙatar gini mai ɗorewa wanda ba ya neman yaɓe kowace shekara. Ana kuma iya lura da cewa ginin da aka rushe na kakan gidan da ya karɓi sarauta daga hannunsu ne, wanda aka ceto kuwa ya girmi gidajen biyu.

Idan aka duba maƙwabta za a ga cewa zaɓin dutse da siminti ba shi ne kaɗai mafita ba. A 1907, shekarar da aka yi bikin naɗin Dikko, aka sake gina babban masallacin Jenne da ke ƙasar Mali da ƙasa zalla, kuma al'adar fitowar jama'ar gari su yaɓe shi duk shekara ita ta riƙe shi, har hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Hasumiyar Agadas a Jamhuriyar Nijar, mai tsayin mita 27, ta sami irin wannan matsayi tare da tsohon garin a 2013. Bambancin bai tsaya ga ingancin ƙasa ba, ya haɗa da ko akwai jama'ar da ke ganin gyaran a matsayin aikinsu.

Masu awo sun zo daga baya

Sai bayan rasuwar Dikko ne aka fara rubuta fasahar maginan Hausa bisa tsarin kimiyya. Wanda ya fi yin fice a wannan aiki shi ne Farfesa Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, wanda ya fara aiki da sashen kula da kayan tarihi na Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950. Shi da mataimakansa 'yan Nijeriya sun zagaya ƙasar suna auna gidaje da fadoji da masallatai, suna zana taswirarsu, suna tambayar magina sunan kowane abu da yadda ake haɗa shi. Ya kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano da wani sashe na fadar Katsina. Ya rasu a 1982, kuma sai a 1990 aka buga sakamakon binciken nasa cikin juzu'i uku.

A 1959, ana gab da samun 'yancin kai, gwamnati ta sa hasumiyar Gobarau da tsohon ginin kwalejin cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ginin kwalejin ya zama gidan adana kayan tarihi. Ganuwar da Barth ya auna kuwa akasarinta ta tafi, gidaje da tituna sun hau inda take, an kuma sake gina ƙofofin da dama da siminti.

Ƙarshen mulkinsa

A zamanin Dikko ne Katsina ta fita daga ƙarƙashin lardin Kano a 1926, ta zauna ƙarƙashin Zariya na wasu shekaru, kafin a 1934 ta zama lardi mai zaman kansa tare da Daura. Iyakokin wannan lardi su ne kusan iyakokin jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987. Birtaniya ta ba shi lambar girma ta CBE.

A shekarunsa na ƙarshe ya riƙa jawo ɗansa Usman Nagogo cikin harkokin mulki, ya kuma nuna a fili cewa shi yake so ya gaje shi. Allah ya yi masa rasuwa a watan Fabrairun 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, yana da shekaru kusan 79. Nagogo ya hau gadon ya riƙe har 1981, sa'annan ɗansa Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi har zuwa 2008, lokacin da sarautar ta koma hannun Abdulmumini Kabir Usman, tattaɓa-kunnen Dikko.